Golan Faskari da Dokar Takarda Uku

Ni na kawo dokar, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Gara in faɗa tun farko, kada a ce tsoho ya zauna yana wanke kansa.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Faskari, cikin shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa kowa ya ruɗe. Wanda jiya ka bar shi a bayan garma, yau sai a ce maka yana masaƙa a Kaduna, ko ya bi kamfanin hanya. Da salla su dawo da rediyo a kafaɗa, suna yi mana kallon waɗanda mota ta bari. Ni kuwa aka liƙa mani sakataren ƙungiyar ƙwallon garinmu, ba don na taɓa iya buga komai ba, sai don ina da biro kuma ana karanta rubutuna. Aikin ba godiya. Kafin kowane wasa in rubuta sunayen mutum goma sha ɗaya, in miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma ya kai wa kwamitin gasa a Kankara.

Duk shekara, in an kai amfanin gona gida, akan yi gasar kofi tsakanin garuruwanmu: mu, da Kankara, da Sabuwa, da Yankara, da Tafoki, da Yargoje. Kowa ya kara da kowa, biyun da suka fi maki su buga wasan ƙarshe a Kankara. To a wasan ƙarshen nan ake cin amana. Gari ya yi ta fama da 'ya'yansa wata biyu, ranar kofi kuma sai a tura mota birni a kwaso 'yan wasan kamfani a sa masu riga. Akwai shekarar da wani dogo ya ɗaga kofi, wallahi ko hanyar masallacin garin da ya buga wa bai sani ba. Ba mu muka buga ba, amma abin ya tsaya mani a rai.

Saboda haka da kwamiti ya zauna kafin gasar wannan shekarar, a wani aji a Kankara, manya da mu a kan bencin yara gwiwa har haɓa, na miƙe na kawo shawara. Kowane ɗan wasa a yi mashi kati da hoto da sunansa na yanka. Kuma ba mai shiga wasan ƙarshe sai sunan da ke katinsa ya fito a takardun wasa uku na zagayen farko.

Shugaban kwamitin wani Alhaji ne mai sayen auduga, mutum mai sanyin hali. Ya ce, "Malam, in mutum ɗan gari ne fa, kowa ya san shi, takarda ce kawai ta sami matsala?"

Ni da zafin kaina na bugi tebur. "Alhaji, sani ba shaida ba ne. Abin da ke takarda shi ne. Ko ɗan cikina ne a cire shi!"

Akawun kwamiti ya rubuta maganata yadda na faɗe ta. Aka ƙara da cewa ba a ɗaga wa kowa ƙafa sai in duka garuruwan biyu masu wasan ƙarshe sun yarda. Na koma gida ina jin kaina kamar na gyara duniya.

Golanmu ɗan yayata ne, shekara huɗu kawai na ba shi. Sunan mahaifinmu aka sa mashi, wanda limamin unguwa ne, ya rasu tun ina ɗalibi. A gidanmu ba mai kama wannan suna, ni dai tun da na yi wayo bakina bai taɓa furta shi ba. Mai Sunan Malam muke ce wa yaron, har gari duka ya ɗauka, a bakin fili ma da shi ake yi mashi kirari. Tafin hannunsa kamar faifai. Sau nawa abokansa suna zuwa da mota su ce ya bi su Kaduna, akwai aiki, akwai ƙungiyar kamfani mai neman gola. Bai je ba, don idon babansa ya mutu kuma gona ba ta noma kanta. Shekara da shekaru yana tsaron ragarmu, bai taɓa ganin wasan ƙarshe ba sai daga bayan igiyar da ake kewaye fili da ita. Gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ba shi wahala, kullum a ɗaure take da tsumma.

Ya ce mani, "Kawu, bana ce ta ƙarshe. In Allah ya kai mu Kankara, in tsaya a ragar nan sau ɗaya, shi ke nan na ajiye."

Katinsa ba ni na cika ba. Akawun kwamiti ne ya tambaye shi sunansa, ya faɗa, aka rubuta, aka manna hoto. Takardun wasa kuwa nawa ne. Wasa biyar muka buga, sau biyar na rubuta lamba ɗaya, na sa abin da hannuna ya saba: Mai Sunan Malam. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunani ba. Yo wa zai zauna ya rubuta sunan ubansa gatsau a takardar ƙwallo, a miƙa wa mai usur ya cusa a aljihun gajeren wando?

Allah ya taimaka muka kai, mu da Sabuwa. Ranar Laraba aka kira taron tantance 'yan wasa, Asabar za a buga. Na je da shirina, don na riga na san inda Sabuwa take da rauni. Suna da wani ɗan gaba mai gudun tsiya, ɗan garinsu ne na haƙiƙa, amma takarda biyu gare shi. Ana buɗe taro na ce a cire shi.

Sakataren Sabuwa malamin asibiti ne, ya girme ni, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ranar wasa na uku uwarsa ce ta rasu, yana zaman makoki. Daga nan kuma babansa ya hana shi fita sai bayan arba'in."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Amma biyu ba uku ba ce."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Aka soke sunan mutumin. Malamin asibiti ya ɗauko tabarau ya sa, ya roƙi akawu ya ba shi katunan Faskari da takardunmu, ya jera su a tebur ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba magani. Sannan ya ɗaga kati ɗaya ya karanta sunan da ke kai. Sunan mahaifina ne.

Ya ce, "Mai wannan kati bai buga ko wasa ɗaya ba. Akwai kuma wani Mai Sunan Malam da ya buga biyar, shi kau ba shi da kati."

Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu. Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai kowa ya san mutum ɗaya ne. Ni da idona na ga ya kama fenariti a Yankara."

"Ni ma na san shi, Alhaji," in ji malamin asibiti. "Shi ma Malam ya san namu. Akawu, karanta mamu abin da aka rubuta ran nan."

Akawu ya karanta, har da wurin ɗan cikina. Kai, ban taɓa jin muryata ta yi muni haka a bakin wani ba.

Na miƙe. Na ce mutum ɗaya ne, na rantse, kuma don su yarda na kama sunan. Na faɗe shi da ƙarfi, a gaban mutane, sau uku, abin da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni. Wani dattijo daga Tafoki ya sunkuyar da kai. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce to a yi sulhu, a bar su duka biyun su buga, in Sabuwa ta yarda.

Malamin asibiti ya cire tabarau ya naɗe. "Sati biyu ke nan da na ga wannan abu, Alhaji. Na san dalilinsa, mu ma muna da iyaye. Na zo da niyyar in yi shiru. Da ya ce Allah ya jiƙanta ya tsaya nan, da ban taɓa katunan nan ba. Amma ya ƙirga mani. Ban yarda ba."

Ban ga laifinsa ba, ko a ranar ma.

Na hau babur na kama hanyar Faskari. Na sami ɗan yayata a gona yana tsinkar auduga, buhu rataye a wuya, la'asar ta yi sanyi. Na faɗa mashi komai, ban rage nawa laifin ba. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mani sauƙi. Ya daɗe yana murza auduga a hannu, sannan ya ce, "To Kawu, wa za ka sa?" Na faɗi sunan na biyunsa, wani mai gyaran keke da bai taɓa tsaron babban wasa ba. Ya ce a gaya mashi 'yan Sabuwa sun fi bugawa ta hagu. Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Ba sai na ce an ci mu ba, an ci mu. Kofin ma ban san inda ya ƙare ba, bayan 'yan shekaru gasar kanta ta mutu, don samarin duk sun watse birni. Ni ma a wannan shekarar na ajiye sakatare, na gaji. Ba cin da aka yi mana ke hana ni sakat ba, abin da ya faru kafin a busa usur ne.

Ranar Asabar ɗin ɗan yayata ya zo Kankara da rigar gola a wanke, a goge, ya miƙa wa mai gyaran keke, ya taya shi naɗe hannun rigar don ta yi mashi yawa. Gwiwarsa a ɗaure take, kamar kullum in zai shiga fili. Doka ta ce ba mai zama cikin igiya sai wanda sunansa ke takarda, ko ɗan wasa ko mai kula da su. Sai na ce ko wannan ne in yi mashi. Na rubuta goma sha ɗayan, na ja layi, a ƙasa na rubuta cikakken sunansa na yanka a matsayin mai kula da 'yan wasa. Na rubuta shi sarai, harafi bayan harafi.

Na kira shi na nuna mashi. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana gane sunansa in ya gani. Ya duba ya daɗe, ya miƙo mani takardar.

"Kawu, soke. Tun da ba a raga za a kira shi ba, bar wa Malam sunanshi."

Na soke. Ya ɗaga igiya ya fita, ya je ya tsaya cikin 'yan kallo a bayan ragarmu, can bayan igiya inda ya saba tsayawa duk shekara.