Kan Sarkin Da Na Raba Da Wasiƙun Kawuna

A shekarun da abin ya faru ina gyaran wayar hannu ne a Sabon Garin Gusau, saurayi mai idon cin naira, wanda duk abin da ya gani a waya yake ɗauka gaskiya. Wata rana na ci karo da bidiyon wani ɗan mitsitsin kan sarki, wanda bai kai faɗin farce biyu ba, an ce an yi gwanjonsa a Turai a kan kuɗin da zai sayi layin gidaje. Mai bayanin ya ce irinsu suna nan kwance cikin tarkacen tsofaffi. Nan take zuciyata ta tafi Nahuce, wurin kakata da muke kira Inna.

Inna tana da wani gwangwani da ba ta yarda kowa ya taɓa. A ciki akwai wasiƙu bakwai da ɗanta namiji tilo, wato kawuna, ya aiko daga Sudan lokacin da ya kama hanyar Makka, kuma daga ta bakwai ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da ajami ya rubuta su, ya naɗe takardar ya manna kan sarki a bayanta. Idanunta sun tafi, don haka ɗiyar ƙanwarta, wata bazawara daga Tsafe da ta zo jinyarta, ita ke karanta mata su duk Juma'a. Na je gaisuwa da lemo da goro, Inna tana ta sa mini albarka, da suka fita alwala na zuba wasiƙun a aljihu.

A shago na jiƙa su cikin ruwan ɗumi kamar yadda na ga ana yi. Kan sarkin suka saki, amma tawadar ta narke ina kallo, ruwan ya yi baƙi, takardun suka zama dusa a hannuna. Ban ji komai ba, na watsar a kwata. Na kai kan sarkin wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya. Ya juya su, masu hoton mai raƙumi, ya ce irin waɗannan an buga su ba iyaka, ko kuɗin mota zuwa Bungudu ba za su ba ni ba. Ya ƙara da cewa da ma na bar su a jikin wasiƙun da hatiminsu, da sun fi daraja.

Ranar Juma'a aka buɗe gwangwani wayam. Da dangi suka taru aka tambaye ni, sai na ce na taɓa ganin bazawarar tana kunna wuta da wata tsohuwar takarda. Inna ta kira ta maciya amana a gaban mutane, ta ce ta kashe mata ɗa karo na biyu. Matar ba ta kare kanta ba, ta dube ni sau ɗaya, ta ɗaure kayanta ta koma Tsafe. Daga nan Inna ta rasa mai juya ta da mai ba ta kunu a kan lokaci, bayanta ya yi gyambo. Kafin damina ta fita ta rasu, tana ta ƙoƙarin tuno kalmomin wasiƙar ƙarshe.

Sai bayan shekara biyu na iya zuwa Tsafe neman gafara. Na iske bazawarar tana surfe. Ta ce ai ta gan ni ta tagar ɗaki ranar da na ɗauka. Ta yi shiru ne don tsohuwar ta riga ta rasa ɗa, ba ta so ta raba ta da jikan da ta fi so. Ta ce haƙƙinta ta bar ni da Allah, na Inna kuwa in je kabari in roƙa. Ko ruwa ba ta ba ni ba.

Na koyi cewa sata tana da sauƙi a kan ƙaryar da ake rufe ta da ita, domin ƙaryar ce ta ci mutum biyu. 'Yan'uwana matasa, abin da tsoho ya ɓoye ba lallai kuɗi ba ne, wani lokaci shi ne abin da ya rage masa a duniya. Kuma idan kun yi ɓarna, ku faɗa tun mai yafewa yana numfashi.