Faransancin Inna

Mahaifiyata ta yi shekaru tana koyar da Faransanci a Yamai, amma da mantuwa ta kama ta, shi ya fara ɓace mata, sannan Zabarmanci. Hausar Dogonduci kaɗai ta rage. Likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarta, ya ce ƙwayoyin cikinta suna mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Na ce, "Waɗanda suka rage fa?"

Ya ce, "Magani zai ɗan taimaka musu. Ki riƙa yi mata hira."

Ban ji komai a raina ba. A taksin da zai kai mu unguwar Bobiyel, Inna ta tambaye ni sau uku ko na ci abinci, ni kuma ina cewa, "Na ci, Inna."