Kuɗin Zane, Sau Ɗaya Tak

Sana'ata buga rubutu da zane a jikin riguna. Ina da ɗan ɗaki a Samaru inda nake aikin, amma cinikin a intanet yake: mutum ya shiga shafin shagona, ya zaɓi riga, ya faɗi abin da yake so a kanta, ya biya. A da kuɗin riga kawai nake karɓa, zane kyauta ne.

Shugabar zumuntar mata ta cocinmu a Sabon Gari ce ta koya mini hankali. Ƙawar mahaifiyata ce, Mama nake ce mata. Ta kira ni ta ce taronsu na shekara ya matso, mata wajen ɗari biyu, suna son rigar da za a gani a yaba. Kwana tara na yi a kan zanen nan, kurciya bisa damin dawa. Sau huɗu tana sa ni canja launi. Da ya yi mata sai ta ce, "'Yata, bari in sayi guda ɗaya a shafin naki, in nuna wa kwamiti."

Daga nan shiru. Ranar taro na shiga coci na tarar da kurciyata a ƙirjin kowace mace. Ashe wajen wani mai bugu a Chikaji ta kai rigar, ya kwafe da araha. A bakin ƙofa ta dafa kafaɗata ta ce, "Aikin Ubangiji ne, ladanki na sama."

Ina isa gida na buɗe shafin, na ƙara layi a ƙarƙashin kowace riga: kuɗin zane naira dubu talatin, sau ɗaya tak, ko riga ɗaya ka saya ko dubu. Da farko abin ya riƙa ninka kuɗin da yawan riguna, sai da na wuni ina dannawa kafin ya zauna daram. Ɗalibai masu sayen riga ɗaya don bikin ranar haihuwa suka yi ta ƙorafi, da yawa suka gudu. Ban damu ba. Mutum ɗaya nake jira.

Shekara ta zagayo. Mutumin Chikaji ya iya kwafa, bai iya zane ba. Saura mako biyu taro, sai ga Mama ta sauko daga keke napep tana haki, waya a hannu.

"Wai me kika saka a abin nan naki? Riga ɗaya na danna, ya ce dubu talatin da ɗoriya!"

"Kuɗin zane ne, Mama."

"To cire mini."

"Ai na'ura ce, Mama, ba ta san babba ba."

Ƙarya nake yi, da yatsa ɗaya zan cire shi. Ta tuna mini goyona da ta yi ina jaririya. Na kawo mata kunun aya mai sanyi, na raka ta har bakin titi.

Washegari mahaifiyata ta taso daga Palladan. "Ki ji tsoron Allah, sa'ar uwarki ce." Na ce, "Inna, ai ban hana ta saye ba." Sai ta tambaya ko ina da sauran kunun da na ba Mama.

Mama ba ta iya neman kuɗin a wajen kwamiti ba, domin bara ta shaida musu ita ta tsara zanen da kanta. Suka ce to ta sake tsara wani. Ƙarshenta rigar bara suka saka, an ɗinka farin ƙyalle a kan tsohuwar shekarar da ke jikinta.

Ranar taron na ci ado da atamfata mafi tsada, na zauna a bencin gaba, inda duk Mama ta ɗago kai sai mun haɗa ido. Ban taɓa rera waƙa da ƙarfi kamar ran nan ba, har ta kusa da ni ta taɓa ni ta ce in sassauta.