Abin da Ya Kashe Nomau Mai Dandaƙa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin rasuwar Malam Nomau mai dandaƙa ya iske ni a birona, wato ofishina, a Yamai, ina wanke hannu bayan na rufe kan wani babban mutum da ba zan faɗi sunansa ba. Ni lokotoro ne, likitan ƙwaƙwalwa, babba, irin wanda sai an yi wata uku ana jira kafin a gan shi. Na ture aikina gefe na ɗauki alƙalami domin ku, mutanen Dakoro, saboda na san halinku. In talaka ya gaya muku gaskiya sai ku ce ya sha wani abu, in mai farar riga ya yi tari sai ku ce hikima ce. To, ga mai farar riga. Kada kuma wani ya tambaye ni inda na ji abin da zan faɗa, ba a yi wa lokotoro tambaya.

Gobe ake addu'ar bakwai. Na ji ranar jana'iza sahu biyu bai cika ba, a garin da ake cika fili don kallon kokawa. Na kuma ji abin da kuke faɗa a bakin pampo da wurin masu shayi: wai an kama tsohon da matar maƙwabcinsa Sale, wai Sale ya yi masa aikin da shi yake yi wa bunsuru. Ƙarya ne. Iyalinsa sun yi shiru ne don gaskiyar ta fi ƙaryar nauyi a baki. Ni zan faɗe ta.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ya san Nomau a gindin aduwa, da burgaminsa na fata da awartakin ƙarfe mai faɗin baki. Makiyaya daga Korahane da Birnin Lalle sukan riƙe bajiminsu har wata biyu suna jiran hannunsa. A kada bajimin da ya hana garke barci, Nomau ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya matse jijiya sau biyu ba tare da ɗigon jini ba. Kafin a kwance igiya sai ya dafa goshin dabbar ya ce, “Gahwarta mini.” Daga nan ya ba ta gishiri daga tafin hannunsa. Bayan wata ɗaya ka ga bajimin nan yana jan amalanke, yara na hawan bayansa.

Yakan ce, “Bajimi ba mugu ba ne, kaya ne ya yi mishi nauyi.” In mutum ya kawo sa yana huci don ya soke shi, sai ya mayar da shi gida: “Tahi ka huce. Ba a dandaƙe dabba ranar da ake jin haushinta.” Ya taɓa ƙin taɓa ɗan maraƙin wata gwauruwa daga Sabon Maci, ya ce shi kaɗai ne namiji a garkenta, in ya kashe iri wa zai ba ta nonon baɗi.

Mutumin da ya yi shekara arba'in hannunsa a wurin da kowa ke jin kunyar ambata, shi ne mafi kunya a garin nan. In mace ta kawo bunsuru, sai ya juya baya ya ce ta je ta sha inuwa. Matarsa Inna Haju ta ce ko a gaban 'ya'yansu bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai “ke mai gidan nan.” Da yawanku shi ya raka ku neman aure don bakinsa ba ya zamewa. Wannan kun manta da shi cikin wata tara.

Bara da kaka, igiya ta kuɓuce wa masu riƙo, sa ya miƙe ya haɗa goshin Nomau da turke. Ya kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Ya farka, rauni ya warke, ya bar ɗan lotsawa bisa girar dama. Aka yi ta barka. Ba wanda ya ce a kai shi a duba cikin kan, tunda yana tafiya, yana cin tuwo, yana gane mutane.

Sai ya fara. Ya gaya wa mai fura a kasuwa maganar da ko ɗan tasha ba zai faɗa ba. Ya sa hannu a kwanon baƙo. Ya yi dariya a wurin gaisuwar mutuwa. Ranar da ya kama bakin zanen matar Sale a pampo, aka fitar da shi daga sahun farko, daga baya aka roƙi ɗansa Lawali ya riƙa barinsa yana salla a gida. Kuka ce dama can munafuki ne, tsufa ne ya tone shi. Wasu suka ce alhakin dabbobi ne, ƙarfin duk bajimin da ya kashe ya dawo jikinsa. Masu wannan maganar ragon layyarsu ma shi ya gyara musu, kuma sun ci naman har da tanɗe yatsa.

Wani lokaci yakan dawo hayyacinsa kamar mai farkawa daga barci. Ya zauna a zaure ya riƙe hannun dama da na hagu, ya ce wa Inna Haju, “Ke mai gidan nan, ina ganin hannun ga yana tahiya, ni ko ban aike shi ba.”

Yanzu zan zo kan wani shaƙiyyi. Sunansa Mati, ɗan kabu-kabu, jikan yayar Nomau. Ba shi da aikin da ya fi ba 'yan fada, wato majalisarsu ta shan shayi, dariya. Tun yana ƙarami akwai wasan jika da kaka tsakaninsu. Mati ya shigo gida ya ce, “Tsoho, har yanzu ba ka mutu ka bar mini matata ba?” Nomau ya ce, “Kai da ba ka iya ɗaure wandonka, mi za ka ba ta?” Inna Haju ta jefe su duka da mara. Wasan nan shi ya ba Mati lasisi. In wani ya yi wa tsohon ba'a a ce rashin kunya, in Mati ya yi a ce ai jikansa ne.

Shi ya fara kukan bunsuru duk lokacin da Nomau ya wuce fada, har yaran unguwa suka ɗauka. Shi ya sa masa suna Ango. Kuma shi ne wata ranar kasuwa da hantsi ya ari hijabi da zane, ya cusa tsumma a ƙirji, ya bi ta gaban zauren tsohon yana rangwaɗa, abokinsa na biye da waya yana ɗauka. Nomau ya tashi ya bi shi har bakin hanya, yana faɗin abin da ba zan rubuta ba, yana kwance mazagi. Sai Mati ya yaye hijabin. Kun san sauran, domin kun gani. Akwai alhazai a garin nan da suka tura hoton ga 'yan'uwansu har Agadas. Akwai wanda ya kalla sau uku kafin ya ce subhanallahi.

Abin da ba ku gani ba shi ne washegari. Mati ya iske tsohon a zaure, cikin hayyacinsa, yana gyara igiya. Ya zauna kusa da shi ya kunna masa.

Nomau ya kalla har ƙarshe. Ya ce, “Wanga ni ne?”

“Kai ne mana, Ango. Ko kana da tagwai?”

“Maida shi in gani.”

Ya maida masa. Igiyar ta zame daga cinyar tsohon. Wani mai hankali da nan zai tashi. Mati kuwa shiru ne ba ya iya jurewa, in wuri ya yi tsit sai ya ji dole ya cika shi. Ya ce, “Tsoho, abin mamaki. Kai da ka kwantar da bajiman arewa duka, naka ya gagare ka? Ai maganin bunsuru yana cikin burgaminka.”

Nomau ya ɗago ya dube shi. Ya yi murmushi irin na da, wanda aka yi wata tara ba a gani ba. Ya dafa kan yaron ya ce, “Ka yi gaskiya, jikana. Allah shi yi maka albarka. Duk garin ga kai ɗai ka ba ni shawara.”

Mati ya je fada ya ba da labari, aka yi dariya har shayi ya zube.

Kwana biyu bayan haka, Inna Haju ta tafi gidan suna, Nomau ya shiga garke bayan gida da burgaminsa. Shi kaɗai, ba mai riƙe masa igiya. Ya yi wa kansa aikin. Bai gaya wa kowa ba, ya kwanta ya ce zazzaɓi ne, don kunyarsa ta da ba ta mutu duka ba. Sai rana ta huɗu, da wari ya cika ɗaki, Lawali ya yaye bargo. Aka kai shi likitar gari, suka ce wannan sai Maraɗi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. A gadon likita, jiki ya kumbura, zazzaɓi na kaɗa shi, wata ma'aikaciya ta zo sa masa ruwa, hannun nan ya sake tafiya ya kama rigarta. Da ya gane abin da ya yi, ya juya fuska bango ya ce, “Ashe bai kwanta ba.” Ya yi ta maimaitawa. “Na yi shi daidai, Lawali. Sau biyu, kamar kullum. Mi ya sa bai kwanta ba?”

Wannan ya sa wata abokiyar aikina a can ta ce a ɗauki hoton cikin kansa. Ta ɗaga hoton a haske ta nuna wa Lawali wani wuri bayan goshi, daidai lotsawar nan, ya yi duhu kamar ɓawon da ya ƙone a gindin tukunya. Ta ce abin da tsohon ya sani game da dabba gaskiya ne. Maraina suna tsiyaya wani ruwa cikin jini, wanda ido ba ya gani, shi ke kaurara wuya, ya buɗe murya, ya fito da gemu, ya tada sha'awa da faɗa. Amma wannan raƙumi ne kawai. Akalarsa tana nan bayan goshi, wurin da ke ce wa mutum tsaya, wannan matar wani ce, nan masallaci ne. Kowa a cikinku yana da raƙumin nan, har liman. Ta ce a shekarun Nomau raƙuminsa ma ya rame, ba ƙarfi ya ƙara ba, akala ce ta tsinke ranar da ya bugi turke. Ta ce da an kawo shi tun farko, ko ba a ɗinke akalar ba, akwai ƙwayoyin da ke rage abin, kuma da an san ciwo ne an tsare shi kamar yadda ake tsare mai farfaɗiya daga wuta.

Lawali ya tambaye ta, “To shi abin da ya yi ma kansa?”

Ta ce, “Ya yi magani inda ba ciwo.”

Nomau ya cika rana ta tara da la'asar. Malamai sun karantar da mu cewa alƙalami ba ya rubuta wa wanda hankalinsa ya gushe. Ku kuwa da kuka tura hoto, hankalinku ƙalau yake, goshinku ba lotsawa. Sale bai taɓa shi ba, shi ne ma ya kama masa ƙafa aka sa shi a mota, yau ga shi ba ya iya zama a kasuwa saboda bakinku. Ku bar Sale. Gobe da safe ku zo ƙofar gidan Nomau. Wanda ya taɓa jan amalanke da san da ya gyara, ya zo. Wanda Nomau ya raka neman aure, ya zo da 'ya'yan da aka haifa. Wanda hoton ke cikin wayarsa, ya goge shi a hanya.

Allah ya jiƙan Malam Nomau, ya sa wata taran nan su zama kankarar zunubi, ya karɓi shekarunsa na kunya, ya yafe masa abin da hannunsa ya yi ba da aikensa ba. Allah ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Haju haƙuri, ita da ta wanke shi, ta rufe masa asiri, ta sha kallo a pampo ba ta daina ɗibar ruwa ba. Allah ya dafa wa Lawali da ƙannensa, ya mayar musu da sunan ubansu. Amin.

Saura magana ɗaya. Ba ni da biro. Yamai sau ɗaya na je, a bayan kamiyo, babbar motar awaki. Allo kaɗai na riƙe, boko kuwa a saƙon waya na tsince shi. Maganar raƙumi da akala ta matar nan ce ta Maraɗi, na ji ta ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu. Na ari farar riga ne don na san da kun ga sunana a sama za ku fara dariya tun kafin layi na biyu.

Ni ne Mati.

Kawu Lawali, a mota ka yi ta tambaya wa ya sa masa wannan tunani, na ce maka Allah kaɗai ya sani. Maganar zaure ba wanda ya ji ta sai ni da shi da 'yan fada, su kuma sun yi shiru don ni. Inna Haju, jiya kin zuba mini tuwo kin ce in ci, wai duk jikokinsa ni ya fi so. Na ci. Gobe zan zo tun kafin a shimfiɗa tabarmi, in zauna a bakin ƙofa inda kowa zai gan ni. In kun kore ni, zan koma tsallaken hanya in zauna.