Robar Wankin da Ta Ci Mana Injin Mota

Matso kusa, 'yar'uwa, har da kai ɗan'uwa mai mota a ƙofar gida, in ba ku labarin abin da ya same ni a gidan aurena a nan Kazaure. A lokacin ni macen cikin gida ce, ba inda nake zuwa sai biki ko suna ko asibiti. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni baki, ya kuma ba ni kunne. Ina ɗaki zan gaya miki wace maƙwabciya ce ke daka, daga jin saukar taɓaryarta. Maigidana direban haya ne, yana jigila tsakanin Kazaure da Babura, wani lokaci Roni ko Gwiwa in an ɗauke shi shata. Motar tsohuwa ce, amma ita ce cinmu da suturarmu. Tun tana kwanar layinmu nake gane kukanta a cikin motoci, sai in tashi in kai masa ruwan wanka.

Da motar ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai kamar kunu, aka ce sai an sauke inji. Yayan maigidana makanike ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi. A ƙofar gidanmu Yaya ya kwance injin, ƙarƙashin darbejiya, tsofaffin ƙarafan da ya cire kuma aka zube su a lungun zaure. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙanana masu lanƙwasa, kamar awarwaro aka raba biyu. Daga baya na san sunansu mital. Su ne shimfiɗar kiranshaf, wato babban ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da ke juyawa a cikin inji, kuma tsakaninsa da su akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashi ba, ta nan baƙin mai ke bi. Ni a lokacin ƙarafa kawai na gani suna tare mini hanyar shara. Mai gwangwan ya zo yana kira, na tattara masa su duka, ya ba ni robar wanki shuɗiya, har ina murna na yi ciniki.

Washegari Yaya ya aiko a ba shi tsofaffin mital zai tafi da su shago, don a bayansu ake buga lambar girmansu. Ban ɓoye ba, na ce suna wurin mai gwangwan. Ina jiyo shi daga zaure yana dariya, yana cewa mata da roba sai Allah, amma ba komai, injin nan daga waje ya zo, ba a taɓa buɗe shi ba, don haka sitanda zai sayo, girman da kamfani ya sa tun farko. Maigidana ya ce a hankali ko za a kai kiranshaf ɗin Kano a auna. Yaya ya ce ɓata rana ne, ya shafa da hannunsa ya ji lafiya lau yake, kuma yana wannan aiki tun maigidana bai iya ɗaura wando ba. Daga nan maganar ta mutu.

Ranar da aka tayar da motar, maza suna ta barka a waje, ni kuwa ina tsakar gida na kasa kunne. Akwai wani sauti a ƙarƙashin kukan injin, ƙwal-ƙwal, kamar ana kaɗa ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa. Motar nan ba ta taɓa yi mini wannan muryar ba. Na gaya wa maigidana, ya gaya wa Yaya, Yaya ya ce sabon aiki ne, zai zauna, ya zuba mata mai mai kauri. Da jar fitilar nan ta baƙin mai ta riƙa ƙyaftawa in mota ta yi zafi, sai aka ce wayar ce ta lalace, aka cire ta. Kullum da safe ina jin sautin yana ƙara ƙarfi. Amma kun san yadda muke a nan, matar ƙane ba ta tsayawa gaban yayan miji ta ja da shi, ko sunansa ba na faɗa. Ga shi kuma ni na ba da ƙarafan, ina ganin ba ni da bakin magana. Wannan shirun shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Wata ranar kasuwar Babura, da la'asar, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na kuma ji takun maigidana. Kafin ya yi sallama na san me ya faru. Ya shigo da makulli a hannu, ya ce inji ya buga bayan Kanya Babba, da fasinja da buhunan gyaɗa a ciki. Da igiya aka jawo motar. Damina guda ta yi a gindin darbejiyar nan, har kajina suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Mutumin da ke da motarsa ya koma zaman tasha yana jiran wanda zai ara masa mota ya yi sawu ɗaya. Bai taɓa yi mini gorin roba ba, wannan kuma ya fi faɗa zafi a wurina.

Ina da tumakin da nake kiwo. Na ce masa a sayar a sake aikin, amma da sharaɗi: sai an auna, kuma abin da ma'auni ya faɗa shi za a saya. Ya ce yaya zai iya kallon Yaya ya gaya masa haka. Na ce ba sai ya kalle shi ba. Na ɗauki mayafina na tafi wurin Inna, mahaifiyarsu, na durƙusa na kwashe komai na gaya mata. Ta dube ni ta ce yau kuma mai sayar da inji a kan robar wanki ce za ta koya wa makanike aiki. Na ce Inna, ai don na taɓa yin wauta sau ɗaya shi ya sa ba zan zauna a yi ta biyu ba, kuma ba wani makanike nake nema ba, Yaya nake so ya ɗaura, a dai auna masa. Ta sa aka kira shi. Ina ɗakinta na jiyo tana ce masa ita ma da tana sayar da gero ba ta taɓa awo da ido ba, duk da hannunta ya saba. Sai ya ce to a kai.

Ni da ba na zuwa ko'ina, na ce da ni za a je. A tsohon zanina muka naɗe kiranshaf ɗin muka shiga motar Kano. Mai aikin awo da yankan kiranshaf a can, wani dattijo, ya ɗauko ɗan ma'auni ya riƙa ɗora shi a kowace gaɓa yana murzawa. Ya ce ƙarfen nan an taɓa yanka shi tun kafin ya zo hannunmu. Ya yi mana bayani cewa duk lokacin da aka yanke shi don ya yi sumul, sirancewa yake, sai a nemo mital mai kauri daidai da abin da aka rage, shi ne ake ce wa goma, ashirin, talatin. In aka sa wanda ya yi masa sako-sako, mai ya zurare, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe. In kuma ya matse, ya yi zafi ya kame. Ya tambayi wa ya sa sitanda, maigidana ya dubi ƙasa, na ce daga cikin gida aka samu kuskuren. Bayan ya yanke, inda kiranshaf ke kwanciya ya tsaya a ashirin, inda hannayen fistin ke kamawa kuma talatin, ya buga lambobin a jikin ƙarfen. A shago mai kaya ya ce talatin ta ƙare, mu ɗauki ashirin duka, ai kusan ɗaya ne. Maigidana ya gaji har ya fara miƙa hannu. Na ce Alhaji ka yi haƙuri, kusan ɗayan nan ne ya zaunar da mu damina guda. Muka yi ta yawo a rana har muka samu.

Yaya ne ya ɗaura. Ta kafar ƙofa na ga duk mital ɗin da ya ɗaure sai ya juya ƙarfen da hannu ya ji yana tafiya, ya kuma mayar da wayar fitilar nan da kansa. Da ya tayar, bai amsa barkar kowa ba, ya ce wa maigidana ya shiga ya tambayi mutanen gida me suka ji. Na ce a bar ta ta yi zafi tukuna, sannan a saki totur. Aka yi haka. Sumul take tafiya kamar keken ɗinki. Na zuba wa Yaya fura a babban kwano na bayar a kai masa, ya shanye tas.

Robar tana nan, a ciki nake wanke kayan aikin maigidana. Abin da na koya shi ne hannun da ya saba ma yana bukatar ma'auni, kuma akwai hanyar da za ka faɗi gaskiya ba tare da ka zubar da girman babba ba, ni ce dai na makara wajen nemanta. Masu mota, kada ku zubar da tsohon mital kafin a duba bayansa, kada ku sayi sabo kafin a auna, kada ku cire wayar da ke yi muku gargaɗi. Ke kuma 'yar'uwa, wane sauti ne kunnenki ke jiyowa a gidanki kullum, kike ta shiru kina jira ya zauna da kansa?