Kawu Mai Yanka Dutse

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin zane a yatsunsa ba. Gugar dutse ta cinye shi, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Ranar da ya je yin katin shaida, sau biyar yana dangwala yatsa na'ura ba ta gane shi ba. Ya dawo gida yana dariya, ya ce wa matarsa, "Ni yanzu ko sata na yi ba mai kama ni."

"Me za ka sata, dutse?" in ji ta. "Mazan mutane nama suke yankawa, nawa sai dutse."

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi a ofishin da ke zana taswirar duwatsun yanki, taswirar da kamfanoni ke dubawa kafin su fara neman ma'adinai. Shi bai taɓa zuwa daji ba. Masana ne ke tafiya da guduma da kamfas, su yi wata biyu ko uku, su dawo da buhunan duwatsu, kowane dutse da lambarsa da jan fenti. Daga nan aikinsa yake farawa, a wani ɗaki can baya mai taga ɗaya. Zai yanki ɗan guntu da zarton lantarki, ya liƙa a kan gilashi mai tsawon yatsa, ya yi ta gogawa har sai haske ya iya ratsa dutsen. Sannan ya rubuta lambar a takarda ya manna, ya kuma shigar da ita littafinsa. Ba ya awo. Ya shafa da yatsa kawai ya san ko ya kai.

Zarton da ruwa ya kamata ya yi aiki, don kada ƙura ta tashi. Amma famfon yakan lalace a yi watanni ba a gyara ba, ga buhuna suna jira. Sai Kawu ya ɗaura hankici a hanci ya yanka a bushe. Da yamma ya fito gira da gashin baki fari fat, abokan aiki suna masa tsiya wai ya tsufa tun safe.

Wata rana ya ga wasu ƙwayoyi masu duhu a cikin gilasai bakwai a jere, irin waɗanda bai saba gani ba. Ya kai wa shugabar sashen, wata mace mai ƙarancin magana da kowa ke kira Dakta. Ta duba a madubin ƙara girma ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Malam, daga wane buhu?"

"Na arewacin kogi, ranki ya daɗe. Na rubuta."

Aka koma dajin, aka sake zana wani ɓangare na taswirar, bayan shekara biyu kamfani ya kafa sansani a wurin. Da rahoto ya fito, a shafin ƙarshe aka gode wa "ma'aikatan ɗakin gwaji". Kawu shi kaɗai ne a ɗakin. Matarsa ta ji haushi, shi ko a jikinsa.

Daga baya ofishin ya fara tura duwatsu wani gari inda inji ke yin aikin. Shekara biyun ƙarshe, Kawu kullum sai ya je ya buɗe ɗaki, ya share, ya zauna. A lokacin ne tari ya kama shi. Bayan ya yi ritaya na kai shi asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya tambayi sana'arsa. Da ya ji amsa sai ya ajiye hoton a hankali ya ce ƙurar ta riga ta zauna, magani sai dai na rage wahala.

Ya koma ba ya iya tafiya daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai ya tsaya ya dafa bango. Duk da haka wata safiya ya ce, "'Yata, kai ni in ga gilasaina."

Muka je. Maigadi ya gane shi, ya gaishe shi, ya kawar da kai. Ashe rufin siton da ake ajiye gilasan ya yi damina biyu yana yoyo. Durowoyin katako sun ruɓe, takardun lamba sun saɓule, aka kwashe komai aka zube a bayan gini. Kawu ya durƙusa kan tarin da ƙyar, ya ɗauki gilashi ɗaya ya ɗaga wa rana. Ya ce yankan nan nasa ne, amma bai san daga ina dutsen ya fito ba. Ya mayar da shi inda ya ɗauka. Muka koma gida.

Wata biyar bayan haka ya rasu, a zaune, domin kwanciya ta gagare shi.

Dakta ta zo ta'aziyya tana dogara sanda. Bayan addu'a ta gaya wa matarsa cewa yanzu ana neman wani ma'adini da ake yin batir da shi, wanda a zamaninsu ba wanda ya damu da shi, kuma da gilasan suna nan da an duba su an san inda za a nufa. Ta tambaya ko ya bar wani rubutu.

Matar ta shiga ɗaki ta fito da littattafai tara a cikin leda. Dakta ta yi ta buɗawa shafi bayan shafi. Lambobi ne a jere da kwanan wata, da rubutunsa mai kyau, sama da dubu goma sha biyu.

"Za su yi amfani?" in ji matar.

"Da gilasan suna nan da lambobinsu, ƙwarai. Babu su kuwa, sai an sake komawa daji daga farko."

Ta rufe na ƙarshe ta miƙa mata da hannu biyu. Na raka Dakta bakin titi, muka tsaya a rana muna jiran mota.