Dutsen da Ya Shiga Murhu

Ko tsufa ya cinye min tunani, akwai wata Asabar da ba za ta fita raina ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Jalingo, ina kuma fama da digiri na biyu da ya ƙi ƙarewa don na rasa abin bincike.

Sai wani manomi daga Kona ya kawo min baƙin dutse mai girman kan mutum, ya ce da rana tsaka ya faɗo gonarsa da ƙara kamar tsawa. Na tura hotonsa ga malamin da ke duba aikina. Nan take ya bugo waya, ya ce irin wannan dutse ya daɗe yana yawo a sararin samaniya rana na dukansa, kuma iskar da rana ke fesowa da sawun haskenta suna nan maƙale a ƙwayoyinsa, su ne abin da za mu bincika. "Malam, digirinka ya zo har gida. Amma kada zafi ya taɓa shi, wuta tana goge komai."

Ni mai wayo, ban gaya wa kowa a gida ba. Na ce me mahaifiyata ta sani game da samaniya? Iyakarta ta kira fasto ya yi masa addu'a. Na cusa shi cikin tarin duwatsun bayan ɗaki, wai don kada a sace.

Ranar Asabar matan zumunta na cocinmu suka zo girkin bikin godiya. Na dawo daga kasuwa da galan ɗin manja, na tarar da ƙatuwar tukunya tana tafasa, dutsena yana cikin ukun da ke ɗauke da ita. Tun safe wuta ke cinsa.

"Mama, wa ya ɗauko dutsen nan?"

"Ni ne. Shi ne ya zauna daidai." Da ta ga hawaye a idona sai ta ajiye muciya. "Ɗana, in abu mai amfani ne, me ya hana ka gaya mini? Ai da yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa."

An gwada dutsen daga baya, malamina ya ce abin da muke nema ya gudu. Digirin nan ban gama shi ba har yau, kuma raina yana ɓaci duk na ji warin hayaƙin itace. Na so in ga laifin Mama, na rasa. Abin da na koya shi ne in daina raina mutanen gidana. Dutsen ya ratso wutar sama da ajiyarsa lafiya, girman kaina ne ya kai shi murhu.